Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamitin gasar lissafi ta makarantun Zangon Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Shugaba, iyayena da malamaina 'yan kwamiti, Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya da kuke yi shekara da shekaru ba albashi ba alawus.

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar makarantar JHS, wato aji uku na bayan firamare, da ke tsakanin Aboabo da Sawaba. Da yawanku kun san ni, biyu daga cikinku ma sun riƙe mini bulala ina yaro. Kafin in ɗauki biro kan dokar shiga gasa da ta hana ɗalibaina zama bana, sai da na sami mutum uku daga cikinku, kowa shi kaɗai, ɗaya a ƙofar masallaci, biyu a gidajensu. Kowannensu ya saurare ni da kyau, ya ce ya fahimta, sannan ya ce doka ce kuma ba shi ya rubuta ta ba. Tunda an rasa uban dokar a ɗaiɗaiku, na ga gara in kawo ta gabanku ku duka, a kuma gaban iyayen yara, waɗanda yawancinsu ba su taɓa jin an karanta ta ba.

Ga abin da takardarku ta ce, don mai karatu ya san a kan me muke. Makaranta za ta biya kuɗin zama mamba kowace shekara. Makarantar da ta biya tana da damar kawo tawaga ɗaya ta yara 4. Dole sunayen yaran huɗu su kasance a rajistar wannan makaranta tun ranar farko ta zangon karatu na ɗaya. Kuma kada yaro ya wuce shekara 15, da shaidar takardar haihuwa.

Ranar Asabar ɗin gasar bana mun iso tun ana jera kujeru, ni da yara huɗu, maza biyu mata biyu, a pragya biyu, wato keke mai ƙafa uku. Sun sha kokonsu a hanya, kayansu a goge, ɗaya ma takalmin yayansa ya aro ya cusa takarda a gaba don ya zauna masa. Da aka zo tantancewa, malamin da ke kan tebur ya buɗe rajistarmu, ya bi sunaye da yatsa, ya tsaya a kan na huɗu. Sunan yarinyar yana can ƙasan shafi, da wani biro daban, saboda a zango na biyu ta shigo. Ya ce ba za ta zauna ba. Na roƙa a bar ukun su yi su kaɗai, ya ce takarda ta ce huɗu. Haka muka koma bencin 'yan kallo mu biyar. Ban ga laifin malamin ba, abin da aka ba shi ya karanta, kuma ya yi mini magana cikin mutunci.

Yarinyar daga Bawku ta zo, garin nan na arewacin Gana da ya sha fama da rikici. Ba sai na bayyana wa kowa a Zango abin da ya sa iyali ke barin Bawku ba a 'yan shekarun nan, kusan kowane layi a Aboabo akwai gidan da ya karɓi baƙi daga can. Mahaifiyarta ce ta kawo ta da ƙannenta wajen gwaggonsu, aka nema mata makarantar da ta fi kusa kuma ta fi sauƙin kuɗi, aka faɗo kanmu. A makonta na biyu na ba ajin aikin da nake ba kowane aji idan ina so in san waɗanda nake da su: a tara lambobi daga 1 har zuwa 100. Aji ya duƙufa, ɗaya da biyu uku, da uku shida. Ita kuwa ta zauna tana kallon allo, har na ɗauka ba ta ji Turancin ba na maimaita mata da Hausa. Sai ta ce ta gama, 5050 ne. Na ce ta yaya? Ta ce ta ɗauki na farko ta haɗa da na ƙarshe ya ba ta 101, na biyu da na kusa da ƙarshe shi ma 101, kuma irin wannan aure guda 50 ne. Dabarar tsohuwa ce, littattafai suna jingina ta ga Gauss, masanin lissafin nan na Jamus, yana ɗan makaranta, amma ba wanda ya taɓa nuna mata. Na yi shekaru ina ba da wannan aiki, yara biyu ne kawai kafin ita suka gano hanyar da kansu. Don irin wannan yarinya kuka kafa gasar, ko kuwa na yi kuskure?

Ban manta dalilin dokar ba, ina cikin zauren shekarar da aka kawo wani saurayi ɗan SHS, wato babbar sakandare, aka aske masa gemu aka saka masa kayan JHS, ya kwashe maki har sai da wani tsohon ɗan ajinsu ya tona asiri daga cikin 'yan kallo. Ranar duk mun ji kunya. Ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu aka ce a tsaurara, kuma idan ɓera da sata daddawa ma da wari: mu malamai muka jawo, da son kofin da za mu ajiye a ofishin hedimasta don iyaye su gani lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai. Sojan haya gaskiya ne, dole a tare shi. Abin da nake so ku duba shi ne wa wannan tarko yake kamawa a zahiri.

Dokarku tambaya ɗaya take yi: yaushe aka rubuta sunan yaro. Wanda ya shirya ɗauko yaron wani don ya ci kofi ai ya san wannan tambaya tun kafin a yi ta, kuma yana da amsarta. Ba a tsakiyar shekara yake ɗaukowa ba. Lokacin dogon hutu yake zagayawa, ya tambayi wane ne ya fi kowa a aji biyu a makaranta kaza, ya je gidan iyayen ya ce an yafe kuɗin makaranta, ga kayan sawa, ga littattafai. Ranar da aka koma, sunan yaron yana saman shafi, da biro iri ɗaya da na kowa. Rajista fes. A teburin da ya ci kofin bana akwai yaron da na koyar shekara biyu cur, ni na nuna masa yadda ake raba ɓangaren lamba da ɓangaren lamba, a kan bencin ƙofar gidanmu, da fitilar waya ranar da aka ɗauke wuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba na jin haushin iyayensa ko kaɗan. Da ni ne mahaifinsa, mai tura kaya a kasuwar Kejetia, aka ce an ɗauke mini kuɗin makaranta, da gudu zan sa hannu. Yaron ma ya zo ya durƙusa ya gaishe ni a zauren, na sa masa albarka da zuciya ɗaya. Amma ku lura, shi ya canza makaranta saboda gasa kuma dokarku ta ce ya cancanta. Ita ta canza makaranta saboda harbe-harbe, dokarku ta ce ba ta cancanta ba.

Su wa ke canza makaranta a tsakiyar shekara a unguwanninmu? Ku buɗe rajistar kowace makaranta ku duba ƙasan shafi. Yaron da mahaifinsa ya rasu aka raba su gidajen dangi. Yaron da mai gida ya ce a biya hayar shekara biyu gaba ɗaya ko a tashi, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa, iyalin suka kwashe kaya daga Asawase suka koma Tafo. Yarinyar da aure ya mutu aka kai ta wajen kaka. 'Ya'yan fatake da ke kai da komo tsakanin nan da Techiman da Tamale. Yaron da aka kora saboda bashin kuɗin makaranta ya koma ta gwamnati. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya zaɓi ranar tashinsa. Ana zaton wuta a maƙera, ku kuka girke masu gadi a masaƙa.

Na san inda aka kwaikwayo tsarin makaranta da makaranta, kuma ba laifi ba ne a kwaikwayi abu mai kyau. Duk wanda ya tashi a Gana ya san NSMQ, gasar kimiyya da lissafi da kamfanin Primetime ya ƙirƙiro, wadda Prempeh College ta garin nan ta fara lashewa a 1994. Idan lokacinta ya zo har direban motar haya ta trotro da bai taɓa riƙe kalkuleta ba sai ka ji yana gardama tsakanin makarantun Prempeh da Opoku Ware, kuma yaranmu sun haddace muryar mai yin tambayoyin gasar, Farfesa Elsie Effah Kaufmann, fiye da tawa. A 2021, da aka kawo gasar nan Kumasi a jami'ar KNUST, na tara ɗalibaina muka kalli wasan ƙarshe tsakanin makarantun Prempeh da Presec da Keta a talabijin ɗin wani shago. 'Yan matan ajin ba su kalli kowa ba sai Francisca Lamini ta Keta, mace ɗaya tilo a kan dandalin, kuma washegari uku suka zo suka ce in saka su a darasin yamma. Ina faɗin wannan don ku san ni ma masoyin tsarin ne.

Sai dai ɗan SHS da ɗan JHS na Zango ba zamansu ɗaya ba. Tun 2005 kwamfuta ce ke raba yara makarantun SHS bayan jarrabawar BECE ta gama JHS, tun 2017 kuma gwamnati ta ɗauke kuɗin, da yawansu makarantun kwana ne, kuma canza makaranta a can sai da takardu da sa hannun manya. Yaron da aka tura Prempeh ɗan Prempeh ne har ya gama, ko mahaifinsa ya tashi gida sau uku. A irin wannan wuri, makaranta katanga ce da za a iya jingina doka a jikinta. A wajenmu kuwa yaro yana iya ganin makaranta uku tsakanin aji huɗu na firamare da BECE, ya tashi daga ta gwamnati zuwa ta kuɗi, daga can zuwa ɗaya daga cikin makarantun Arabiyya da Ingilishi da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987. Mu nan ma idan aka ce makaranta, allo da Alƙur'ani ake nufi, ta boko kuwa sai mu aro bakin Tonawa, wato Asante, mu ce sukuu. Yaro ɗaya, malamai biyu ko uku, rajista biyu.

Wannan ya kawo ni kan shekaru. Iyaye da dama a Zango ba sa kai yaro boko sai ya yi nisa a allo, wasu sai ya sauke. Irin wannan yaro yana shiga aji ɗaya da shekara takwas ko tara, ya isa aji uku na JHS da 16 ko 17. Bai maimaita aji ba, bai yi ƙarya ba, abin da ya karanta na lissafi daidai yake da na ɗan shekara 14 da ke zaune kusa da shi. Wannan ba kokawa ba ce ko ƙwallo da girman jiki zai yi tasiri. Abin da ke ba yaro fifiko a gasar lissafi shi ne manhajar da ya riga ya karanta, shi ya sa saurayin nan na SHS ya zama maguɗi: ya ga abin da sauran ba su gani ba. Aji ya kamata a auna. Takardar haihuwa kuma, kun san gidaje nawa ne abin da suke da shi kawai katin awo na asibiti, in ma bai jiƙe a ambaliyar Aboabo ba. Kun kuma san wanda yake da kuɗi ba ya rasa takarda mai ɗauke da shekarun da yake so.

Kuɗin mamba ba zan daɗe a kansa ba. Ana hayar kujeru, ana buga takardu, ana sayen ruwa da kofi, dole wani ya biya. Abin da ba daidai ba shi ne makaranta mai ɗalibai 600 da mai 60 su biya kuɗi ɗaya. A raba shi mataki biyu ko uku bisa yawan yara, magana ta ƙare.

Wanda ya fi damuna shi ne sharaɗin yara huɗu daga rajista ɗaya. Ajinmu na uku yara 19 ne. Shekarar da Allah ya ba ni huɗu da za su iya zama, sai in yi sadaka. Yawanci biyu nake samu. A bayan layinmu akwai wata makarantar kamar tamu, malaminta abokina ne, shi ma biyu yake samu, kuma yaran huɗun tare suke darasin yamma a zaure ɗaya, tare suke zuwa makarantar dare. Dokarku ta ce su huɗun nan su zauna a gida. A ɗaya gefen kuma babbar makaranta mai yara goma sha biyu da suka cancanta an ce ta kawo huɗu, takwas su ma su zauna a gida. Gasar da aka kafa don a zaƙulo masu ƙwaƙwalwa tana mayar da su gida ta ƙofa biyu.

Wasu sun riga mu tunanin wannan matsala. Gasar lissafi ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959, Gana kuma ta fara halarta a 2014 da aka yi ta a Afirka ta Kudu, kowace ƙasa ba ta wuce yara shida, kuma abin da ake tambaya biyu ne: yaron bai kai shekara 20 ba, bai kuma shiga jami'a ba. Ba a tambayar bajon da ke ƙirjinsa. Ku dubi faɗin iyakar shekarun, ku dubi yadda aka ɗaura nauyin a kan matakin karatu. A Amurka akwai wata gasar warware matsaloli da ake kira Odyssey of the Mind tun 1978, ita da makarantu take aiki kamar taku, ana sayen zama mamba, tawaga ba ta wuce yara bakwai. Amma sun bar ƙofa ga ƙungiyoyin unguwa su ma su yi rajista, da sharaɗin ƙungiyar tana nan tun asali tana wani aiki, ba don gasar aka ƙirƙiro ta ba. Dokarsu mafi tsauri kuwa a kan taimakon waje take: babba ba ya sa hannu a aikin yara. Na ga hikima a nan. Sun gane cewa maguɗin da ya fi cutar da yaro shi ne wanda babba ke yi masa.

A kan wannan, ku yi mini haƙuri in faɗi wata magana da ake yi a bayan idonku. Wasu daga cikin masu tsara tambayoyin malamai ne a makarantun da ke shiga gasar. Ban ce wani ya taɓa fitar da tambaya ba, ban gani ba, ba kuma zan ɗauki alhakin kowa ba. Amma kwamitin da ya bi rajistar yarinya da yatsa har ƙasan shafi ya kamata ya sami layi ɗaya a takardarsa da ya hana wannan. Malaman lissafi da suka yi ritaya suna nan a Zango, ɗalibanmu da ke KNUST suna nan, za su yi da murna.

Ga roƙona, Malam Shugaba. A bar sharaɗin rajista, amma a matsar da ranar zuwa mako shida ko takwas kafin gasa, a kuma duba shafin kiran suna a ga yaron yana zuwa aji da gaske, domin sunan da aka rubuta don kofi ba ya amsa kira kullum safiya. Yaron da ya shigo a tsakiyar shekara ya kawo takarda daga tsohuwar makarantarsa ko katin sakamakonsa na ƙarshe, wanda ke nuna ajinsa. Inda makarantar ba ta samuwa, kamar halin da ake ciki da wasu na arewa, limamin unguwa ko mai unguwa ya shaida. A auna cancanta da aji, in kuma dole sai an sa iyakar shekaru a kai ta 18. Makarantu biyu da ajinsu na uku bai kai wani adadi da za ku yanke ba, a bar su su haɗa tawaga ɗaya, su bayyana haɗin tun lokacin rajista, don kada manya biyu su fake da wannan su haɗa taurarinsu. Babbar makaranta ta biya ƙari ta kawo tawaga ta biyu. Idan yaro ɗaya ya faɗi tantancewa ko ya kwana da zazzaɓi, a bar ukun su zauna, su suka san za su sha wuya.

Kuma duk abin da kuka yanke, ko kun ƙi duk waɗannan, a yi tantancewar mako biyu kafin ranar, a ofis, tsakanin malami da kwamiti. Da an gaya mini tun lokacin, da na sami hanyar gaya mata a hankali, da na shirya wani yaron, da sauran ukun ba su yi asarar wata uku na darasin yamma ba. A gaban zaure cike da mutane aka ce mata ta tashi. Gwaggonta ta rufe teburin wakenta na ranar ta zo kallo.

Batun ɗauko yara da tallafin karatu kuwa, ban roƙi ku hana ba, ba ku da ikon hanawa, kuma alheri ne ga yaron. Abin da za ku iya shi ne ƙara layi ɗaya a fom: makarantar da yaro ya yi aji ɗaya da aji biyu. Ranar ba da kyauta a karanta sunanta a lasifika tare da na wadda ta ci. Ba ko pesewa da zai ci muku, kuma malamin ƙaramar makaranta zai daina ɓoye yaronsa mai ƙoƙari don tsoron a gani a ɗauke, abin da na san ana yi, domin ni ma zuciyata ta taɓa raya mini.

Ban nemi a sake gasar bana ba, waɗanda suka ci sun ci, Allah ya sa musu albarka. Yarinyar tana aji uku, za ta rubuta BECE, wannan ce damarta ta ƙarshe a wajenku kuma ta wuce. Abu ɗaya ta tambaye ni a pragya muna komawa, ko za a ba ta takardar tambayoyin. Wani malami ya ba ni tasa, ta yi su ranar Lahadi a gida, na duba na ajiye a aljihun teburina. Duk ɗan kwamitin da yake so ya gani ya biyo ta makaranta. Ƙaninta yana aji ɗaya, shi ma sunansa a ƙasan shafi yake, kuma gwaggonsu ta ce mai gida ya fara maganar ƙarin haya.

Ina roƙon ku sa wannan magana a zamanku na gaba kafin a buɗe rajistar baɗi, ku kuma gayyaci malaman ƙananan makarantu ko da mutum uku ne. Idan an kira ni zan zo da rajistarmu ta shekara biyar, mu ƙirga sunayen ƙasan shafi tare.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma ɗalibinku,
wani malamin lissafi daga Aboabo, Kumasi